Shabu da Tsoro: Yadda Wasu Mazan Filifin Ke Fafutukar Barin Ƙwaya

A Filifin, ƙwayar da ta fi addabar jama'a sunanta shabu. Fara ce kamar dakakkiyar ƙanƙara, likitoci na ce mata methamphetamine. Tana kore barci da yunwa, mutum ya yi kwana biyu ido biyu yana jin kamar ba mai iya masa.

A cikin masu shanta akwai maza masu neman maza, waɗanda galibi ke haɗa ta da saduwa, a ɗakin otal ko gidan wani da suka haɗu da shi ta manhajar waya. Wannan haɗin shi ne babban tarkon. Jiki ya riga ya ɗaure daɗin kusanci da ƙwayar, ranar da mutum ya bar ta sai ya ga kamar ya rasa abokai da soyayya gaba ɗaya. Makonnin farko sai barci mai nauyi, da baƙin ciki, abinci ma ba ɗanɗano. Kuma har yau babu wani magani da aka amince da shi musamman don jarabar shabu. Abin da ke aiki shi ne zama da mai ba da shawara, mako bayan mako, a faɗi gaskiya.

To, wa zai faɗa wa gaskiyar? A 2016 Shugaba Rodrigo Duterte ya ƙaddamar da yaƙi da ƙwaya. 'Yan sanda a lokacin suna bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, shirin da ake kira Tokhang, shugabannin unguwanni kuma suna tara sunaye. Alƙaluman gwamnati kanta sun ce an kashe mutum sama da 6,000. A irin wannan hali, wanda ya ce "ina sha, ku taimake ni" yana iya jawo wa kansa harsashi. Ga kuma gida, a ƙasar da mafi yawan mutane 'yan Katolika ne, inda mutum ke gudun uwa ta ji ɗaya sirrin, wato cewa yana neman maza. Abin tausayi, wasu suna shiga cibiyar gyaran hali su fito ba su taɓa faɗin abin da ke mayar da su ga ƙwayar ba.

Shi ya sa da yawa suka fara buɗe baki a wajen gwajin HIV, cutar da ke bazuwa a Filifin da sauri fiye da kusan ko'ina a Asiya, musamman a tsakanin waɗannan mazan. A cibiyoyin ƙungiyoyi irin su LoveYourself a Manila, mai gwajin sau da yawa ɗan sa-kai ne da ya san rayuwarsu. Kafin sakamako ya fito, yakan sassauta murya ya tambaya: "Kana amfani da wani abu lokacin saduwa?" Wani sai ya sunkuyar da kai, ya jima shiru, sannan ya ce eh.