Lasifika Mai Bakin Kakaki a Cikin Ɗaki

Assalamu alaikum. Jama'a, abu huɗu zan faɗi a kan sa lasifika mai bakin kakaki a cikin ɗaki, biyu amfani, biyu aibi, in lokaci ya bari.

Na farko, ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Musulmi ana busa kakaki ya san zancen. Numfashin mutum guda ne, amma dogon bakin nan mai buɗewa sannu a hankali shi ke kai amo nesa. To haka lasifikar nan take. Ta akwati da munka saba, ka ba ta wat 1, ka tsaya mita 1, desibel 88 za ka samu, ko ƙasa (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin amo). Mai kakaki ta ba ka 100, wasu har 105. Kada ku raina bambancin 12 ɗin nan! Kowane ƙarin desibel 3 sai ka ninka wutar amfilifaya. Ku ƙirga da ni: 2, 4, 8, 16. Abin da waccan za ta ci wat 16 ta yi, wagga wat 1 ya ishe ta. Malam na baya, ka rubuta? Sha shida da ɗaya. Mai sola da batir guda, ga zafin Afrilu, fanka na jan wuta, firji na ja, shi ya san daɗin lissafin nan. Amfilifayar ma ba ta gasuwa. Sha shida da ɗaya, na sake faɗi.

Sannan tana harba amo gaba, ba ta watsa shi. Falonmu tayil ne da siminti, amo sai ya yi ta dawowa, ita kuwa tana rage wannan. Sai dai wanda ya zauna gefe an cuce shi.

Na uku, ko na biyu ne? Girma dai. Zangon amo mai kauri na haz 50, wato kaɗawa 50 a daƙiƙa, ya kusa mita 7, don haka kakakinsa ƙato ne. Shi ya sa Paul Klipsch a Amurka ya naɗe nasa cikin akwati a 1946, aka jingina shi kusurwar ɗaki, bango ya ƙarasa bakin. Uwargida za ta tambayi inda kujera za ta koma. Kuma lasifikar nan ba ta rufa asiri: amfilifaya mai arha, duk "sss" ɗinta da gunjin janareta sai kun ji su.

Mai tambaya: Malam, irin ta masallaci fa, in ɗaura ta falo?

A'a, Alhaji. Waccan don murya anka yi ta, ba ta da amo mai kauri. Da yawansu akwai taransifoma ta layin bolt 100 a ciki, ba ta dace da amfilifayar gida ba. Ko wadda ba ta da shi, ka tura mata kiɗan ganga babu kafasita mai tare amo mai kauri a gabanta, fallen cikin mai kaɗawa ya fashe ko koyil ya ƙone. Ita ma ta gidan, in hunturu ya shigo ku rufe bakin da ƙyalle, ƙura na shiga ratar maganaɗisu ta fara ƙarar gogayya. Ga kiran la'asar nan, mu tsaya.