Jinin dasashi da korona: abin da na jiyo a wurin likitan haƙori a Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da war haka. Daga Jidda nake magana, yanzu na fito daga wurin likitan haƙori, ga ni na nufi Bab Makka. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci.

Kusan wata biyu ke nan, duk na goga asuwaki sai in ga jini. Da yake babu zafi, sai na share. Likita ya duba ya ce dasashina ne ya kumbura, dattin da ya daskare a gindin haƙora ya jawo. Ya kankare shi tas, sannan ya kawo maganar da ta sa na kunna kyamara.

Kun tuna 2020, shekarar da aka dakatar da Umara, muka ga filin ɗawafi wayam? To, a nan maƙwabtanmu Katar, masu bincike sun duba bayanan mutum 568 da suka kamu da korona daga Fabrairu zuwa Yulin shekarar, sakamakon ya fito a 2021. Masu ciwon dasashi mai tsanani, haɗarin kai su sashen kulawa ta musamman ya ninka na sauran sau uku da rabi. Buƙatar na'urar numfashi sau huɗu da rabi. Mutuwa kuwa, kusan sau tara. Wallahi da na ji wannan taran sai da jikina ya yi sanyi.

Me ya haɗa baki da huhu? Dasashin da ya daɗe a kumbure tamkar garwashi ne a ƙarƙashin toka, kullum yana tura sinadaran kumburi cikin jini. Korona kuma, in ta tsananta, kumburin ne ke wuce gona da iri har ya lalata huhu. Wuta ta tarar da wuta ke nan. Ga ƙwayoyin cutar baki da mutum kan shaƙa su gangara ƙirji. Binciken dai alaƙa ya nuna, bai ce dasashi kaɗai ne sanadi ba.

Ni dattawanmu na nan nake ji. Da yawa suna fama da ciwon suga, shi kuma da ciwon dasashi ɗan juma ne da ɗan jummai, kowanne na rura ɗan uwansa. Baba Alhaji, Hajiya, don Allah in haƙori ya fara girgiɗi ko baki na wari, kada a ce tsufa ne ko goro. Asuwaki sunna ce, Annabi (SAW) ya ce tsarki ne ga baki, amma ba ya cire dattin da ya riga ya zama dutse. Wannan sai ƙarfen likita.

An ce in koma bayan mako biyu, zan nuna muku yadda dasashin ya koma. Ga mai asuwaki can bakin masallaci, bari in sayi ɗanye kafin a kira Magariba.