Mudun da Ake Auna Yara da Shi, Wa Ya Auna Shi?

Ku dubi yarinyar nan. Shekararta biyar. An ajiye mata ɗan akwati mai tsaga a sama kamar asusu, da kwabban roba guda 12, an ce ta riƙa zura su ɗaya bayan ɗaya. Matar da ke gefenta tana riƙe da agogo tana ƙirga daƙiƙu. Ita ma'aikaciyar lafiya ce, daga cikin masu horas da yaran da ayyukan yau da kullum ke ba wuya, irin su riƙe fensir, saka maɓalli da cin abinci da cokali.

Sunan wannan gwaji Movement ABC. Sheila Henderson da David Sugden ne suka fitar da shi a 1992, aka sabunta shi a 2007. Bugun 2007 yana duba yara daga shekara 3 zuwa 16 da ayyuka takwas a fannoni uku: gwanintar yatsu, jifa da cafewa, sai iya tsayuwa ba tangaɗi. Da shi ake neman yaran da hannu da ƙafa ba sa ba su haɗin kai, waɗanda a gida ake ce musu sakarkaru ko masu ɓarin kaya, alhali lalura ce. Kusan yara biyar zuwa shida cikin ɗari na 'yan makaranta na fama da ita.

To amma wa ya ce gwajin kansa gaskiya yake faɗa?

Mu leƙa kasuwar hatsi. Akwai mudun da aka bubbuge gindinsa ya lotsa ciki. Auna gero da shi sau goma, sau goman nan abu ɗaya zai ba ka. Bai taɓa canza magana ba, amma duk awo sai ya cuce ka. Haka gwaji yake. Idan ma'aikata biyu suka gwada yaro ɗaya suka samu maki ɗaya, an san gwajin ba ya rawa. Ko yana auna abin da aka ce yana aunawa kuwa, wannan wata shari'a ce daban, kuma ita ce mai wuyar.

Ga yadda masu bincike ke yi. Sukan kawo yaran da likitoci suka riga suka tabbatar suna da lalurar, su haɗa da waɗanda ba su da ita, su ga ko gwajin zai raba su. Wanda ya kasa rabawa, ya tashi aiki. Sukan kuma kara shi da wani gwajin da aka yarda da shi, kamar na Bruininks da Oseretsky, su ga ko bakinsu zai zo ɗaya. Kuskure iri biyu ake tsoro: a sallami yaro mai lalura a ce lafiyarsa ƙalau, ko a ɗora wa lafiyayye suna, uwarsa ta kwana ba barci.

Inda gizo ke saƙa shi ne, da wa ake kwatanta yaron? Makin bugun 2007 daga yara 1,172 na Birtaniya aka samo shi. Da aka gwada bugun farko a Hong Kong, aka kwatanta da yaran Amurka, a wani bincike na 2001, sai yaran can suka fi na Amurka gwanintar yatsu, na Amurka kuma suka fi su jifa da cafewa. Abin da yaro ya saba yi yana shiga cikin makinsa.

Yanzu ku kawo akwatin nan wani ƙauye a Jigawa. Yaron da ya ƙware a langa zai tsaya da ƙafa ɗaya har ka gaji da ƙirga. Yarinyar da ta iya carafke, cafe abu ba ya ba ta wuya. Amma a miƙa musu alƙalami a ce su bi layi a takarda ba tare da sun kauce ba, wanda bai taɓa shiga aji ba zai faɗi, kuma hannunsa lafiya lau.

Wannan matsala ce ta sa a Malawi masu bincike suka zauna da iyayen karkara, suka tambaye su me yaro ke iya yi a kowace shekara, suka gwada yara sama da 1,400. A 2010 suka fitar da nasu mudun, mai ayyuka 136, na yara daga haihuwa zuwa shekara shida.