Tsakanin & da &&: Me Ya Sa Ba Za a Musanya Su Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ina gaishe ku daga Stuttgart, nan ƙasar Jamus. Yau babu fita, a tebur za mu zauna da biro da takarda, saboda wani ƙanena da ke koyon harshen C a Kano ya aiko mini da tambayar da na san ba shi kaɗai take damu ba. Ya ce ya sa & a cikin if (umarnin da ke duba sharaɗi), ya sa &&, duka biyun sun yi aiki, to mene ne amfanin a ce su biyu ne?

Nan gizo ke saƙar. Sau tari amsarsu takan zo ɗaya, har mutum ya saki jiki da su, sai ranar da aka samu lambar da ta raba su.

Bari in matso da kyamara kan takardar. Mu fara da &&, mai alama biyu. Shi ba ruwansa da girman lamba. Tambaya ɗaya yake yi wa kowane ɓangare: sifili ne ko ba sifili ba? A C, sifili shi ne ƙarya, duk wata lamba kuwa gaskiya ce, ko 1 ce, ko 500, ko -7. Idan ka rubuta 6 && 3, hagu gaskiya, dama gaskiya, amsa 1, shi ke nan.

Shi kuwa & guda ɗaya, farke lambar yake yi ya leƙa cikinta. Kun san kwamfuta da 0 da 1 take ajiye komai, kowanne ɗaya ana ce masa bit. To ku duba: 6 ita ce 110, 3 kuma 011. Na rubuta ɗaya a saman ɗaya, kamar yadda muke jera lissafin tarawa a firamare. Duk gurbin da sama da ƙasa suka zama 1 tare, 1 za ka rubuta, in ba haka ba 0. Hagu, 1 da 0, sifili. Tsakiya, 1 da 1, ɗaya. Dama, 0 da 1, sifili. Mun samu 010, wato 2. Tunda 2 ba sifili ba ce, if zai wuce, kuma abin da ƙanena ya gani ke nan.

Yanzu mu sauya lambobin, mu ɗauki 4 da 2. Huɗu 100 ce, biyu 010. Jera su. Babu gurbi ko ɗaya da suka haɗu. 4 & 2 ya zama sifili, ƙarya ke nan, alhali 4 && 2 gaskiya ne. Lambobi iri ɗaya, hukunci ya juye.

Bambanci na biyu shi ya fi ba ni tsoro a wurin aiki. && yana tsayawa a hanya. Da ya ga hagu ƙarya ne, ba ya ko waiwayar dama, domin an riga an san amsa. Haka || ma, wato alamar "ko", da ya ga hagu gaskiya ne ya gama. Masu rubuta manhaja a kan wannan suke dogara kullum: ka fara tambaya ko akwai abu a wurin, sannan ka taɓa shi. Ka rubuta p != NULL && p->suna, hagun yana tsare daman. Amma & ba ya tsayawa, dole ya lissafa ɓangarorin biyu, ko da kuwa na daman zai miƙa hannu inda babu komai.

Kada ku ɗauka matsalar ɗalibai ce kawai. A watan Yulin 2021 Google ya fitar da wani sabuntawa na Chrome OS, zubi na 91, sai masu Chromebook suka wayi gari sun kasa shiga kwamfutocinsu, suna sa kalmar sirri daidai tana ƙi. Da aka bincika, a wani layi na C++ da ke kula da makullan mai amfani an rubuta & a inda ya kamata a sa &&. Layin ya kamata ya fara duba ko akwai bayanin makulli kafin ya karanta shi, sai ya zama yana karantawa ko akwai ko babu. Dole kamfanin ya dakatar da sabuntawar ya fitar da gyara.

To idan haka ne, ina amfanin & da |? Shi | ma bit da bit yake aiki, sai dai duk gurbin da sama ko ƙasa ya zama 1, 1 za ka rubuta. Ga amfaninsu nan a hannuna. Wannan ɗan allon Arduino Uno ne, baƙin abin nan dogo da ke tsakiya shi ne ƙwaƙwalwarsa, ATmega328P. A nan garin, inda kamfanonin motoci suka yi yawa, mutane da dama a kan irin waɗannan ƙananan ƙwaƙwalen suke cin abinci, kuma ba ka yini ba ka rubuta & ko | ba. A cikinsa akwai wani ma'aji mai bit takwas da ake kira PORTB, ku ɗauke shi kamar jerin makunnai takwas a bangon ɗaki. 'Yar fitilar nan da ke kusa da ƙafa ta 13, bit mai lamba 5 ne ke riƙe da ita, daga dama ake ƙirga su, a fara da 0. Na riga na saita ƙafar ta zama ta fitar da wuta. Ina so in kunna ta ba tare da na taɓa sauran bakwai ba, sai in rubuta PORTB |= (1 << 5). Wannan 1 << 5 yana tura ɗayan gurbi biyar zuwa hagu, ya zama 100000, wato 32. Ga ta nan ta kama. In zan kashe, PORTB &= ~(1 << 5), alamar ~ tana juya kowane bit, sai & ya share mai lamba 5 kaɗai. Da zan sa || a wurin kunnawar, amsar 1 ce kawai za ta fito, fitilar ba za ta kama ba, bit na farko ne zai tashi, sauran duk su mutu. A kan tebur wannan wasa ne, amma a na'urar da ke juya inji ba wasa ba ne.

Akwai wani tarko da nake so ku sani, kuma tarihi ne ya haƙa shi. Lokacin da Dennis Ritchie ke gina C a Bell Labs, wajen 1972, ya gaji & da | daga harshen B, inda alama ɗaya ke yin aikin biyu gwargwadon wurin da aka sa ta. Daga baya, bisa shawarar Alan Snyder, aka ƙirƙiro && da ||. Sai dai an riga an rubuta manhajoji da tsohon salo, don haka aka bar & a ƙasa da == (alamar da ke duba ko abu biyu daidai suke) wajen wanda ake fara lissafawa. Ritchie da kansa ya rubuta a 1993 cewa da an gyara tun lokacin da ya fi. Ga illar: kana so ka gane ko x tana rabuwa biyu daidai, ka rubuta x & 1 == 0. C zai fara da 1 == 0, ya samu sifili, sannan ya yi x & 0. Kullum ƙarya, kowace lamba ka ba shi. Java da JavaScript duk sun gaji wannan jerin. Ni dai shawarata, duk inda & ya haɗu da ==, sa baka: (x & 1) == 0. Kuma ku riƙa kunna -Wall a gcc, manhajar da ke fassara C zuwa yaren kwamfuta, zai ja kunnenku a kan wannan layin.

Masu Python, ku naku a juye yake. A can & ne ke riga > da ==. Shi ya sa a pandas, kayan aikin Python na sarrafa teburin bayanai, idan kana tace tebur da sharuɗɗa biyu, dole kowanne ya shiga bakarsa, (df.shekaru > 18) & (df.kudi < 500). In ka ce bari ka sa and, ValueError zai fito, domin and amsa ɗaya yake nema, kai kuwa layuka dubu ka miƙa masa, kowanne da tasa amsar. Sannan 6 and 3 a Python ba 1 yake bayarwa ba, 3 yake mayarwa, wato abin da ya duba na ƙarshe. Haka 6 && 3 a JavaScript.

Ƙanena, da duk mai kallo, ga aikin gida, kuma da biro nake so, ba da kwamfuta ba: 12 & 10, 12 | 10, da 8 & 7. Ku jera su bit da bit, sannan ku faɗi wanne if zai bari ya wuce. A bidiyo na gaba za mu ɗauko ^ da kuma yadda 255.255.255.0 ke aiki a adireshin intanet. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.