Daren Normandi: Runduna ta 101 ba a tare ta sauka ba

Ku dubi wannan bidiyon da ake ta turawa: sama cike da lema, rana tsaka, sojoji na sauka reras a fili ɗaya. Ana cewa wai saukar Runduna ta 101 ta sojojin lema na Amurka ce a Normandi, arewacin Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. To, saukar rana irin wannan a Holan aka yi ta, a watan Satumba 1944. Ta Normandi cikin dare aka yi, kuma ba haka ta kasance ba.

Bari mu ɗan koma baya a gurguje. An kafa rundunar a watan Agusta 1942 a jihar Luwiziyana. Ga tambarinta nan, kan mikiya a kafaɗa. Janar William Lee ne ya fara riƙe ta, ciwon zuciya ya kwantar da shi, Janar Maxwell Taylor ya karɓa a 1944. An yi atisaye a Amurka, an ƙetara Ingila, an ci gaba da jira.

Yanzu ga taswira. Wannan gaɓar teku da aka laƙaba wa Utah, nan ne sojojin ƙasa za su sauka daga jiragen ruwa da safiyar 6 ga Yuni 1944. Bayan gaɓar fadama ce, Jamusawa sun cika ta da ruwa da gangan. Hanyoyi huɗu kacal suka ratsa ta. Duk wanda ya riƙe bakin hanyoyin nan, shi ya riƙe gaɓar. Aikin 'yan 101 ke nan: su dira a baya cikin dare, su kame bakin hanyoyin kafin gari ya waye.

Mu tsaya a nan, jama'a, domin nan ne ake kuskuren fahimta. Soja mai lema ba ya sauka da rundunarsa. Shi kaɗai yake sauka.

Ku duba cikin jirgin nan, C-47. Mutum kamar 18 yake ɗauka, kowa da kaya niƙi-niƙi, sai an tura wani kafin ya iya hawa. Ƙofa ɗaya ce, ɗaya bayan ɗaya ake fita. Ko da matuƙi ya rage gudu yadda ya kamata, jirgin na cin kusan mita 50 a kowace daƙiƙa. Ke nan tsakanin na farko da na ƙarshe akwai ɗaruruwan mitoci, alhali komai ya tafi daidai. In kuwa matuƙi ya makara da minti ɗaya wajen kunna koriyar fitilar da ke nuna a fara dira, an wuce wurin da kusan kilomita 3.

A wannan daren kuwa komai bai tafi daidai ba. Jirage sama da 400 ne suka ɗauko 'yan 101, a jere, an hana magana ta rediyo. Suna shiga sararin Faransa sai suka afka cikin gajimare mai kauri. Matuƙi ba ya ganin na kusa da shi, dole ya kauce don kada su yi karo. Suna fitowa, bindigogin kakkaɓo jirage suka buɗe musu wuta. Wasu suka ƙara gudu, wasu suka yi ƙasa sosai. Ni dai ba na ganin laifin matuƙan nan yadda wasu ke gani. Da yawansu wannan ne karonsu na farko a bakin wuta, kuma ba kowane jirgi ke da mai duba hanya ba.

Sai aka watsa mutane kamar an yafa gero. Wani a kan bishiya, wani a gonar da ba ta cikin taswirarsa. Wasu suka faɗa fadamar nan, nauyin kaya ya danne su, suka nutse a ruwan da da rana za su iya tsayawa a cikinsa. Wannan ɓangaren yana taɓa min zuciya ƙwarai.

Wanda ya tsira fa? Ya kwance lema, ya tashi, duhu, ga shingayen ƙasa da bishiyoyi kewaye da kowace gona. Ya ji motsi. Ɗan'uwa ne, Bajamushe ne, ko saniya? Normandi ƙasar shanu ce, kuma a daren nan an lallaɓa an yi wa shanu da dama sallama. Ga abin da aka ba su: ɗan abin wasan yara na ƙarfe. Ka danna sau ɗaya, ƙas. In naka ne, ya amsa sau biyu. Da wannan ake tattara runduna guda, mutum biyu, mutum biyar, mutum goma.

Har ƙarshen ranar, cikin mutum kusan 6,600, kimanin 2,500 ne kawai suka haɗu ƙarƙashin shugabanninsu.

Masu cewa ai dabara ce, da gangan aka warwatsa su don a rikita Jamusawa, sun haɗa abu biyu ne. Akwai yaudarar da aka shirya: Birtaniya ta jefa ɗaruruwan mutum-mutumi da lema a wasu wurare daban. Amma warwatsuwar 101 ba wanda ya tsara ta. Gaskiya ne ta rikita Jamusawa, rahoto na shigo musu daga ko'ina, sun kasa gane inda ainihin harin yake. Sai dai abin da ya ceci aikin shi ne an koya wa kowane soja manufar tun a Ingila, da taswira da siffar ƙasar da aka gina da yashi. Saboda haka duk inda mutum goma suka haɗu, ko ba 'yan kamfani (ƙaramin rukunin sojoji) ɗaya ba ne, sun san inda za su dosa.

Janar Taylor da kansa ya tsinci kansa da hafsoshi da yawa, sojoji kaɗan. Haka suka tafi suka ƙwace ƙauyen Pouppeville, bakin hanya ta farko. Laftanar Richard Winters, da aka harbo jirgin kwamandan kamfaninsa, ya ja mutum goma sha wani abu suka far wa manyan bindigogi huɗu a Brécourt da ke luguden wuta a kan gaɓar. Sojojin da suka sauka a Utah suka samu hanya, asararsu a ranar ba ta wuce kimanin mutum 200 ba. Ranar 12 ga Yuni garin Carentan ya shiga hannu.

Sauran tarihin, ku bi hotunan. Satumba, Holan, ga saukar ranar da muka fara da ita, kusa da Eindhoven. An zaɓi rana ne, kuma darasin Normandi na cikin dalilai. Disamba, Bastogne a Beljiyam: nan kuwa ba da lema suka je ba, a manyan motoci aka kwaso su. Jamusawa suka yi musu ƙawanya cikin ƙanƙara, suka nemi su miƙa wuya ranar 22, Janar McAuliffe, mai riƙon rundunar a lokacin, ya ƙi, tankokin Janar Patton na Amurka suka fasa ƙawanyar ranar 26. Mayu 1945 suna Berchtesgaden, inda Hitila ke da gida a kan duwatsu. A watan Nuwamba na shekarar aka rushe rundunar, sai daga baya aka sake kafa ta.