Kwana uku a kan sirdi: Katsina, Daura, Kano

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro. Tun da hotunan tafiyar su Yaya Sani daga Katsina zuwa Kano ta Daura suka fito a WhatsApp ba a bar mu mun huta ba, kowa tambayarsa ɗaya: da gaske a keke kuka je? To yau ga Yaya Sani, ga Malam Lawal.

Sani: Da gaske, ƙanwata. Mu goma sha biyu, kwana uku. Ana sallame Asuba muka hau, don in rana ta take sai dai a nemi inuwa. Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, amma gabas muka nufa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Kana taka feda kamar an riƙe maka kariyar keken ta baya.

Lawal: Shi ya sa kuka jera kamar raƙuman Azbin.

Sani: Ƙwarai, Malam. Na gaba shi ke shan iska, na baya su fake da shi. In ya gaji ya koma ƙarshen layi, wani ya karɓa. Haka 'yan tseren Faransa ke yi a gasarsu ta mako uku, wadda aka fara tun 1903. Sai dai su mota ke bin su da tayoyi. Mu kuwa famfo biyu ne da ledar faci.

Bilkisu: Faci nawa kuka yi?

Sani: Kafin Mashi uku! Tsidau, Bilkisu. Ka sauka gefen kwalta don ka kauce wa tirela, sai ka ji fiiis. Kuma ƙa'idarmu, tayar mutum ɗaya ta sace, kowa ya tsaya. Akwai yaron da gwiwa ta riƙe shi bayan Shargalle, saurinsa muka bi har Daura, babu wanda ya yi gunaguni. Wallahi wannan ya fi Kusugu tsaya mini a rai, ko da yake mun je mun sha ruwan rijiyar.

Lawal: Da keke Rali irin na da kuka hau, da ba ku sha wannan wahala ba.

Sani: Malam, kada mu koma nan.

Lawal: Za mu koma! Ralin mahaifina, buhun gero a baya, ni a kan sanda, har kasuwar Mai'aduwa. Yau kekenku giya ashirin, sirdi kamar bakin wuƙa.

Bilkisu: Da ƙararrawa, Malam, kirin-kirin!

Lawal: Da fitila mai dainamo! Da madubi biyu! Ranar Juma'a a goge shi da man gyaɗa.

Sani: Man gyaɗa kuma?

Lawal: Yana sheƙi har makaho ya yi tambaya.

Sani: To amma batun sirdi gaskiyarka ne. Rana ta biyu, hanyar Kazaure, ba ƙafa ke kuka ba, mazauni ne. Abinci kuwa koko da ƙosai da safe, dabino a aljihu, fura da nono duk inda muka ga 'yan Fulani. Ruwa ba a jiran ƙishi. Azahar da La'asar muka riƙa haɗawa, ƙasaru, sannan a miƙe ƙarƙashin darbejiya. Dare ya yi, wani dattijo ya buɗe mana zaurensa, ya kawo tabarmi, ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba.

Bilkisu: Allah Ya saka masa. Yaya, mun yi alkawarin gaya wa masu son zuwa abin da za su tanada, ga lokaci ya tafi. Kuma ina da tambayar mata.

Sani: Tiyub biyu, famfo, hular kwano. Sauran sai mako mai zuwa.

Lawal: Da Rali.

Bilkisu: Sai an jima, jama'a!