Dalar Wa Kake Nufi? Lacca Kan Gajerun Kalmomi a Sakkwato

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu, ɗalibai, barkanmu da war haka. Na baya kuna jina? To madalla. Wasu abubuwa nake son mu duba kan yadda gajerar kalma, ko haruffa biyu, ke sake ma'ana da zarar sun tsallaka wani harshe. Mu nan Sakkwato ba sai mun je nesa ba, daga Illela zuwa Ƙonni ta ƙasar Nijar taki kaɗan ne.

Na farko, dala. Idan aka ce dala a rediyo, kuɗin Amurka ake nufi. Idan dattijo ya ce dala, yana iya nufin sule biyu na zamanin fam da sule. Amma ka shiga kasuwar Ƙonni a ce maka dala, sefa 5 ke nan. Ku rubuta wannan, sefa 5. Dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500. Wato duk abin da aka faɗa maka da baki, ka ninka shi sau biyar kafin ka sami abin da ke rubuce jikin kuɗin. Asalin sunan kuma tsohon kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda ake buga wa shekarar 1780, fatake suka shigo da shi ƙasar Hausa. Dalar Amurkan ma daga tushen nan sunanta ya fito.

Ban bar kuɗi ba tukuna, don nan ne ake yin kuka. Jaka. A Nijar jaka, ko jikka, sefa 1,000 ce, wato dala 200. A Najeriya jaka fam 100 ce, da aka kawo naira a 1973 fam ɗaya ya zama naira biyu, sai jaka ta zama naira 200. Jaka biyar ke nan naira 1,000. To a ce an yi cinikin rago ta waya, wannan ya ce jaka hamsin, wancan ya ce ya sallama. Ɗaya yana lissafin sefa 50,000, ɗaya yana lissafin naira 10,000. Alhaji na ga kana dariya, ka san zancen! Kafin a ce "na sallama", a faɗi sunan kuɗin, sefa ko naira, sannan a rubuta adadin da lamba. Ina maimaitawa, da lamba. Ko a lambar ma a lura, mai karatun Faransanci idan ya rubuta 1,5 ɗaya da rabi yake nufi, waƙafi yake sawa inda mu muke sa ɗigo.

Na uku... na biyu ne? To, na biyu. BP. A asibitinmu awon jini ne, a takardar ofis ta Yamai kuwa akwatin gidan waya ne. Kada ka ga BP da lamba a saman wasiƙa ka ce jinin mutumin ya hau. Sannan a awon jinin, likitan Nijar kan rubuta 12/8, namu ya rubuta 120/80, awo ɗaya ne. Sauran da sauri, lokaci ya tafi: harafin C jikin famfo sanyi ne a Ingilishi, zafi ne a Faransanci. ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ita ce CEDEAO a Faransanci, WHO, hukumar lafiya ta duniya, ita ce OMS. Bafulatani ya ce "jam", lafiya yake nufi, Bature kuwa abin shafa wa burodi.

Hajiya, akwai tambaya? Tana cewa an rubuta mata OD a takardar magani. Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ya fi sauran abin da na shirya muhimmanci. A asibitocinmu OD sau ɗaya a rana ne, BD sau biyu, TDS sau uku, duk daga Latin. Amma a takardar awon ido OD idon dama ne, OS idon hagu. Haruffa ɗaya, asibiti ɗaya, sashe ne kawai ya bambanta. Idan maganin ɗigawa a ido ne, kada ki bar wurin mai ba da magani sai ya faɗa miki da Hausa wane ido, ɗigo nawa, sau nawa a rana, kwana nawa, ya kuma rubuta miki jikin kwalin.